Kwamfutar Malam da Kazar Yaya Dije

Tun da na dawo daga tafiyar nan ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a wurin niƙa a tambaye ni, har matar liman da ba ta cika shiga zancen mutane ba sai da ta tsayar da ni a hanya ta ce, “Asabe, wai da gaske ke ce kika je Kano kika farke kwamfuta?” Ban ga laifinsu ba. Duk Gafasa an san ni da zaman gida. In aka ga na wuce Ajingi, to rasuwa aka yi ko haihuwa. Amma na gaji da maimaitawa, ga shi kowa ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa nasa, har na ji an ce wai jirgi muka hau. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya da ɗan bokon da na samu a ajin manya, kowa ya ji daga bakina.

Kwamfutar ta Malam Hamisu ce, maigidana, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne, kuma shi ya fara shigo da irinta unguwarmu: baƙa, mai nauyi, wadda ake buɗewa kamar littafi a ɗora a cinya. Da ita yake buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa, wani lokaci har da katin ɗaurin aure. Ranar da babu makaranta zai zauna a ƙofar ɗaki da hantsi, ni ina gefe ina ɗinkin hula, shi yana ƙwas-ƙwas da yatsu biyu, in ya yi kuskure ya yi tsaki ya ce injin ne ba ya jin Hausa. Har yau akwai haruffa uku da suka goge inda yatsunsa suka fi sauka, gefen dama kuma akwai wurin da ya yi santsi saboda gindin hannunsa.

Bayan rasuwarsa ’yarmu Ummi ce ta gaje ta. Tana irin karatun nan da ake yi daga gida, a turo aiki ta intanet, a yi, a mayar. To kwamfutar ta tsufa. In ta kunna ta, sai ta je ta wanke kwanuka ta dawo ba ta gama tashi ba. Daga baya kuma ta daina kama wayifai, wato hanyar da take shan intanet daga waya ba tare da igiya ba. Ga babban aikin ƙarshen zango da dole a tura ranar Litinin, wanda bai tura ba sai ya maimaita.

Sule, ƙanin Malam, shi ke tsaye a kan gidanmu yanzu. Ya kai ta wurin wani mai gyara, aka faɗa masa kuɗin kaya da na aiki, ya dawo yana girgiza kai.

“Matar yaya,” ya ce da ni, “da a zuba wannan kuɗi a tsohuwa, gara a rabu da ita. Na sami wani zai karɓe ta, a yi ɗan ciko ya ba mu wata. Ranar Asabar zai zo.”

Na ce, “Kai ma ka tsufa, Sule, ba a ba da kai an yi ciko ba.”

“Ni ai ina tashi da wuri. Ita fa?”

Muka yi dariya, amma da ya fita sai na kasa ci gaba da ɗinki. Na san ba mugunta ba ce, karatun yarinya yake dubawa. Ni kuwa ji na yi kamar an ce za a sayar da kujerar da mutum yake zama a kai tun ba a share wurin ba.

Ummi ce ta kawo shawara. Ta ce ta kalli yadda ake yi a waya ya fi sau goma. Abu biyu kawai za a canza: ɗan katin wayifai da ya mutu, da kuma ram, wani ɗan falle mai kamar mataji, shi ke sa kwamfuta ta yi sauri. In muka sayo da kanmu a Kano muka saka da kanmu, rabin abin da mai gyara ya faɗa ma ba za mu kashe ba. Sule ya ce ba zai bar budurwa ta je Kano ta kwana ita kaɗai ba, shi kuma yana tsakiyar cirar gyaɗa. Yana tsammanin maganar ta mutu ke nan. Sai na ji bakina ya ce, “Ni zan raka ta.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke? Ke da in an aike ki bakin titi sai kin yi sallama da kowa?” Sannan ya ce shi ke nan, mu gwada, amma in Asabar ta yi ba ta aiki, zai miƙa wa mutumin.

Ranar Laraba da sassafe muka hau babur zuwa Ajingi. Na naɗe kwamfutar a cikin zane biyu, na sa a jaka, na rungume. A tasha kwandasta ya miƙo hannu zai jefa ta bayan mota tare da buhunan dawa, na ce ba ta rabuwa da cinyata. Ya ce, “Iya, in mutum ce a biya mata kujera.” Na ce ta fi wasu mutanen hankali, amma a cinya take zama. Aka matse mu mu huɗu a layi, ni da Ummi da wata mai jarkar man gyaɗa da wani dattijo mai tafiya asibitin ido, wanda tun daga Ajingi har Wudil yake ba direba labarin yadda ake tuƙi a zamaninsu.

Da muka doshi Gaya na riƙa leƙen wajen Balan ta taga. A can aka haife ni. Na tuna ranar da aka kawo ni Gafasa, a bayan akori-kura, ina lulluɓe, ban ga komai na hanyar ba sai ƙafafun ƙawayena. Sai a wannan tafiyar na ga ashe hanyar tana da kyau. An ciri gyaɗa an jera ta tana shan rana, mata sun duƙa suna kala. Na so in nuna wa Ummi wata tsamiya da nake jin na sani, kafin in buɗe baki mun wuce.

Bayan mun haye gadar Wudil muka tarar da shinge. Ni ban taɓa ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma in haka ake yi, to na ɗanɗana. Wani mai kaki ya leƙo, idonsa ya sauka a kan jakata.

“Mama, mene ne a ciki?”

“Kwamfuta ce.”

“Ina rasit?”

Na ce wanda ya saya ya rasu, kuma bai bar mini takarda ba. Ya ce ana yawan satar irinsu, sai an nuna masa shaida. Ummi ta ce in an kunna, hoton mahaifinta ne zai fito, da sunansa, kuma sunan yana jikin katinta. Ya ce a kunna. Aka kunna.

Muka jira. Mai man gyaɗa ta sauka ta sayo rake ta dawo. Direba ya kashe mota. Dattijon nan ya ce a zamaninsu rediyo ma sai ta yi ɗumi take magana, a yi haƙuri. Motoci uku suka zo aka duba su suka wuce, kwamfutar Malam tana ta juya ɗan zobenta. Can sai ga shi ya fito, da farar hularsa wadda ni na ɗinka, yana kallon gefe kamar an kira shi. Mai kakin ya duba hoton, ya duba Ummi, ya ce, “Hancin ma ya isa shaida. Allah ya jiƙansa.” Da zai mayar da ƙofa ya ƙara da cewa, “Wannan ko ɓarawo ya ɗauka zai dawo da ita.” Motar duka aka yi dariya, har da ni, amma sai da na goge ido da bakin mayafi.

A Kano mun sauka a wurin Binta, ’yar yayar Malam da ke aure a can. Gidan bene ne, su suna sama. Ni dai ban saba in kwanta na san akwai mutane a ƙarƙashina ba, har tafiya a hankali nake yi kada in dame su. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙofa da ƙofa suke da maƙwabciyarta, amma da na ce bari in shiga in gaishe ta, Binta ta ce ba ta san sunanta ba, shekara biyu. Na shiga duk da haka. Matar ta karɓe ni da fara’a, ta ba ni ruwa mai sanyi a leda, ashe ’yar Ringim ce, ita ma kunyar shigowa take ji. Ruwan wanka saye ake yi, ana hawo da shi a jarka. Na yi wanka da rabin bokiti ina jin kamar zunubi nake yi. Abinci kuwa Binta ta yi mana taliyar leda da ƙwai, cikin ƙiftawar ido ta dahu. Da daɗi, ba zan ɓoye ba, amma cikina bai yarda an ci abinci ba sai da safe da ta sayo gurasa aka barbaɗa ƙuli.

Ranar Alhamis muka shiga kasuwar masu kwamfuta. Jama’a, kowa a wurin sunansa Injiniya. Ka kira ɗaya, biyar su juyo. Ga kwamfutoci an farke su an jibge kamar kayan miya, wani na cin wake da shinkafa a kan bayan wata. Na ƙara ƙanƙame tamu. Samari suka yi ta jan jakar, “Hajiya kawo a duba, Hajiya sayarwa ce?” Ummi ta ja ni har wani lungu wurin wani mai furfura a gemu, ta miƙa masa takardar da ta rubuto lambobin kayan.

Ya karanta, ya juya kwamfutar ya duba gindinta, ya ce yarinyar ta rubuta daidai. Ya ɗauko ram ɗin kwance, wato wanda aka ciro daga wata, ya gwada a tasa a gabanmu, ya ɗauko katin, ɗan mitsitsi kamar kan sarki. Na yi ciniki yadda nake yi wa atamfa, na taya rabi, na miƙe kamar zan tafi. Ya bar ni na kai bakin ƙofa sannan ya ce, “Hajiya, dawo. Daga ina?” Na ce Ajingi. Ya ce ai ya ji, mutanenmu ko allura za su saya sai sun yi sallama sau uku. Ya rage mana. Ya ce a kawo ya saka yanzu, ɗan abin da za a ba shi kaɗan ne. Na tambayi kaɗan ɗin, na ji, na ce mun gode, da hannunmu za mu yi.

Bai ji haushi ba. Ya sayar mana da ƙaramin sukudireba, ya ce mu cire batir kafin komai, mu taɓa ƙarfe da hannu kafin mu taɓa cikinta, kada mu yi gaggawa. “Notocin kuma ku kula da su. Akwai ɗan guntu da ke danne katin, shi kaɗai ne irinsa a jikinta. In ya ɓace kun shiga uku.”

Na karɓi kayan na fara ƙulle su a haɓar zane, inda nake ajiye duk abin da nake tsoron ya ɓace. Ya yi wuf ya riƙe hannuna ta kan mayafi, ya saki da sauri, ya ce, “Yi haƙuri Hajiya, ba goro ba ne. In kika ɗaure shi ya lanƙwashe, ya mutu.” Ya sa mana a ɗan kwali ya naɗe da roba. Allah ya yi masa albarka, ko sunansa ban tambaya ba, Injiniya dai.

Ban yarda a buɗe ta a Kano ba. Na ce sai mun je Gaya gidan Yaya Dije, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, inda zan zauna a ƙasa in ji hankalina a jikina. Mun isa da la’asar. Ta yi tuwon dawa miyar kuka da man shanu, na ci na ji na dawo duniya. Muka kwana muna hirar Balan da mutanen da suka shuɗe.

Da hantsin Juma’a muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gindin darbejiya, don ɗaki da duhu kuma abin ƙanana ne. Ummi ta cire batir. Ta ce mu taɓa ƙarfe, muka je muka dafa randar ƙarfen Yaya Dije mu biyu, ita tana kallonmu tana cewa wannan kuma wane irin tsafi ne. Ummi ta ce a ba ta abin da za ta zuba notoci kada su ɓace. Yaya Dije ta shiga ɗaki ta ɗauko sabon faifai. Ni da ita ba wadda ta ga aibu. Duk abin da yake ƙanana ne, mu a faifai muke zuba shi tun muna yara.

Aka kwance murfin baya. Na leƙa. Ashe haka cikinta yake, kore, da ’yan layuka kamar unguwa, ga ƙura ta taru a jikin fanka, ƙurar ƙofar ɗakinmu ce ta shekara da shekaru. Ummi ta buɗe wasu ’yan ƙarafa biyu, tsohon ram ya ɗago kai da kansa. Ta sa sabon a karkace, ta danna, muka ji ƙas. Wannan ya wuce lafiya. Ta koma kan katin, ta zare wasu siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, ta kwance ɗan guntun notin nan, ta sa shi a tsakiyar faifai shi kaɗai, nesa da sauran.

Abin da muka manta, kajin Yaya Dije sun san faifai. Kullum in ta fito da shi, tsaba za a sheƙa, su kuma nasu ne abin da ya zuba. Kanmu na duƙe a kan kwamfuta, ba mu ankara ba sai jin ƙwaf-ƙwaf muka yi a bayanmu. Kaji uku a kan faifai. Ummi ta yi ƙara ta kore su, notoci suka watse a tabarma.

Muka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dogayen duk suna nan. Guntun babu.

Muka ɗaga tabarma, muka kakkaɓe zannuwa, Yaya Dije ta share wurin ta tankaɗe ƙasar a rariya. Babu. Ummi ta gwada ɗaya daga cikin dogayen, ya yi tsawo, ta ce in ta matsa zai huda wani abu a ƙasa. In ba noti kuma, katin ɗagowa yake yi, ba ya zama. Ta zauna ta dafe kai. Gobe Asabar.

Malam Garba, mijin Yaya Dije, ya shigo ya tarar da mu jugum. Da ya ji, ya sa tsohon katin a aljihu ya fita neman notin da zai dace da shi. Ya je wurin mai gyaran waya, nasa sun yi ƙanana. Ya je wurin mai rediyo, nasa sun yi kauri. Har mai gyaran agogo ya zazzage masa gwangwaninsa, ba a dace ba. Ya dawo dab da tafiya masallaci ya ce, “Sai dai Kano.” Komawa Kano a kan noti ɗaya, da kuɗin motar mutum biyu da kwana, ai duk abin da muka yi tattali ya tafi, kuma kafin mu isa Gafasa Asabar ɗin da Sule ya ba mu ta wuce.

Yaya Dije ta ce, “To wai wacce ce ta haɗiye?”

Ummi ta ce ja ce, ita ta fi kusa. Malam Garba ya ce farar ta fi haɗama. Ni na yi shiru, don na gani. Lokacin da aka kore su, biyu sun gudu suna kuka, ita kuwa wake-waken ta tsaya a bakin turmi ta miƙa wuya ta haɗiya sau biyu, irin haɗiyar abin da ba ya wucewa da daɗi. Na yi shiru ne don na san kazar. Ita ce uwar kajin gidan, ’ya’yanta da jikokinta ne suka cika tsakar gidan, Yaya Dije har magana take yi da ita.

“Asabe, kin gani,” in ji Yaya Dije. “Tun kina yarinya in kin san abu sai ki kama kallon ƙafarki.”

Na ce, “Wake-waken ce, Yaya. Amma a bari. A kife ta da kwando, wataƙila ya fito.”

Malam Garba ya ce kaza tana riƙe tsakuwa a ƙundunta wata da watanni, balle ƙarfe. In ya wuce can, sai dai haƙuri.

Na ce to a haƙura. Na fara naɗe zanen da na zo da kwamfutar a ciki. Na ce Sule ya ba da ita, dama abin duniya ne, mai ita ma ya tafi. Ina faɗa ina jin haushin kaina.

Yaya Dije ta tashi ta ɗebo tsaba ta watsa, kajin suka taru, ta sunkuya ta cafke wake-waken, ta shafa bayanta. Ta miƙa wa mijinta.

“Malam, kafin ka tafi masallaci.”

Na ce, “Yaya, don Allah kada ki yi.”

Ta ce, “Ke rufe mini baki. Tun ranar da Hamisu ya fara zuwa gaishe ni yana neman aurenki, da kekensa da wandonsa mai guntun ƙafa, bai taɓa shigowa gidan nan ya fita ban yanka masa kaza ba. Ko sau ɗaya. Jiya ya shigo a cikin jaka na ba shi tuwo ba nama, ashe bai yafe ba.”

Malam Garba ya yi bisimilla ya yanka a bayan ɗaki, ya wanke hannu ya tafi. Mu uku muka duƙa a kan tasa. Yaya Dije ta tsaga ’yar jakar wuyan nan inda tsaba ke fara taruwa, ta zazzage. Ga dawa, ga ɗan ganye, ga wani jan dutsen ado da ta ce tun bara take nemansa. Ina tonawa da tsinke, ina cewa a raina in na yi kuskure na sa an kashe kazar banza. Sai tsinken ya taɓa wani abu ya yi ƙyas.

Ummi ta wanke notin, ta goge, ta shanya a rana a cikin murfin kwalba, ta zauna ta tsare shi da sanda a hannu.

Ta sa katin, ta ɗaure notin. Saura wayoyin nan biyu, kowace da ɗan kai kamar maɓallin rigar jarirai, sai an saita an danna. Ta gwada ya fi sau biyar yana zamewa. Ta ce, “Umma, ke kika saba da allura.” Na goge hannu, na sake dafa randa, na duƙa. Ban san me wayoyin suke yi ba, amma na san yadda ake saita abu ƙarami a kan ɗan’uwansa. Baƙar ta shiga. Farar ta shiga. Aka mayar da murfi da batir.

Ummi ta danna. Yaya Dije ta juya za ta je ta duba ruwan figa, ba ta kai murhu ba Ummi ta ce, “Inna, dawo ki gani.” Har ta tashi. Ta buɗe intanet ɗin wayarta, wasu ’yan layuka suka cika a ƙasan allon, ta ce ta kama. A nan kan tabarmar ta tura aikinta, tun Litinin ba ta zo ba, muna zaune muna figar kaza.

Ranar Asabar da hantsi muka sauka a Gafasa. Mun tarar da Sule a zaure da baƙonsa, har sun sha fura. Ummi ta ajiye kwamfutar a gabansu ta kunna. Sule ya gyara zama irin na mai shirin dogon jira, bai gama gyarawa ba ta tashi. Baƙon ya ce in haka ne zai ƙara a kan abin da ya faɗa. Sule ya jawo ta, ya ɗora hannunsa a wurin nan mai santsi, ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa mutumin, “Ka yi haƙuri, mun sa ka tahowa. Ta gida ce.”

Da baƙon ya fita ya ce, “Matar yaya, ashe kina da amfani a waje.” Na kwance ƙullin da Yaya Dije ta ba ni na miƙa masa cinya guda. Yana ci Ummi tana ba shi labari, da ta zo wurin tasa sai ya tsaya da tauna ya dubi naman.

Bayan sati biyu na sami mai zuwa Gaya, na aika wa Yaya Dije ’yan shila biyu da budurwar kaza. Washegari ɗan aiken ya dawo da su a kwandonsu. Ya ce ta ce a faɗa mini ita ba ta sayar da abincin baƙo, kuma in ya sake zuwa, wata za ta yanka.